Wace Ce Salamatu Kailu?

Shafi na 23

Da sunan Allah nake buɗe shafin yau. Na ga saƙonninku, na kuma ga yadda kuka taru kuka yi wa Albarka wankin babban bargo, har wata daga Dogon Dutsi ta ce in ba ta lambarta ta kira ta ta gaya mata magana. To, sannunku da aiki. Ni dai ba zan ce komai ba, ku gyara zama.

Tun daga Filinge har Damana hankalin Safi ba ya cikin motar. Takardar da Mushe Manzo, ma'aikacin gwamnati, ya ba ta jiya tana cikin jakarta a ninke, amma kowane layi na cikinta ta haddace shi. Shekara goma sha huɗu tana karɓar haihuwa a Filinge, yaran da ta yanke wa cibi wasu har sun shiga kwaleji. Sai ga shi rana ɗaya an zo tantance ma'aikata, ta ɗora yatsa a kan gilashin na'ura, fitila ta kawo ja.

Manzo, mai zama gaban odinater, wato kwamfutar tantancewar, mutumin kirki ne, kuma ita ta karɓi haihuwar 'yan biyunsa. Juyo mata da allon ya yi ta gani da idonta. Suna ɗaya, Salamatu Kailu, sunan da ke kan takardunta. Ranar haihuwa ɗaya, lambar takarda ɗaya, uwa ɗaya, uba ɗaya. Amma hotuna biyu ne. Na farko nata. Na biyun wata mace ce da kallabi ruwan goro tana hararar mai ɗaukar hoton, kuma ko daga barci aka tashi Safi ta san wannan hararar ta yayarta Albarka ce.

Ya yi mata bayani a hankali. Da can littafin Damana bai san abin da ke cikin littafin Filinge ba, kowanne yana kwance a kabad ɗinsa gara na ci. Yanzu an zuba su duka wuri guda, katin shaida da layin waya da sunayen ma'aikata, kowanne riƙe da wutsiyar ɗan'uwansa, in ɗaya ya motsa duk sun motsa. Shi kansa ba shi da ikon gogewa ko ƙarawa, daga Yamai abin yake. Ran Alhamis da safe su zo su biyun. Mai sunan ta ɗora yatsa a tabbatar mata, ɗayar kuma duk takardar da ta taɓa samu da sunan ta faɗi.

Takardun Safi kuwa, tun daga satifika har difloma, da sunan nan suke. In sunan ya faɗi, aikinta ya faɗi.

Hantsi ya dubi ludayi motar ta sauke ta. Tunda aka hana babura a yankin babu mai kai mutum ƙofar gida, ga shi ƙafarta ta hagu shan-inna ya taɓa ta tun tana goye, tafiya in ta yi nisa sai ta riƙa jan ta. Haka ta ja ta cikin rairayi har magazar ƙungiyar mata, inda suke tara wake.

Tun daga nesa ta jiyo muryar Albarka. Ita ce shugabar ƙungiyar, kuma in ka gan ta a bakin aiki sai ka rantse ta yi mutum uku. Waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, tana yi wa direban kamiyon ɗaukar kaya Zabarmanci, ta juyo ta yi wa mata Hausa, hannunta ɗaya a cikin buhu tana laluben ko ƙwaro ya shiga. Da ta ɗago ta ga fuskar ƙanwarta, sai ta kashe wayar a tsakiyar magana. Ta ce wa matan su ci gaba da tsinta, ta karɓi jakar Safi, suka nufi gida.

Innarsu Dijatu na zaune a inuwar zana tana ɓarar gujiya. Tun rasuwar mahaifinsu Malam Kailu ta dawo wajen babbar 'yarta. Safi ta durƙusa ta gaishe ta sama-sama. Albarka ta kawo ruwa a kwano, Safi ta kau da kai, abin da ba ta taɓa yi ba a gidan nan. Ta zaro takardar ta ajiye a kan tabarma.

"Yaya, mi na yi miki?"

Albarka ta dubi takardar, ba ta taɓa ta ba.

"Duk duniya kin rasa sunan da za ki yi kati da shi sai nawa? Don ki sai layin waya?"

Albarka ba ta yi musu ba. Ta ce shekara goma sha biyu ke nan, lokacin da aka ce duk wanda bai kai kati ba za a rufe masa layi. Ta je ma'aikatar magajin garin Filinge ta faɗi suna da shekara, aka buɗe littafi aka kwafo mata takardar haihuwa, ta dawo Damana ta yi kati da ita. Ta ɗauka ita tana Damana, Safi tana Filinge, takarda ba ta da ƙafa balle ta je ta iske 'yar'uwarta. Ta ce ta yi kuskure, kuma ba ta san abin zai kai nan ba.

Da faɗa ta yi, da wataƙila Safi ta sauko. Wannan sanyin ne ya ƙara tunzura ta. Gaskiya kuwa, jama'a, Safi tana son yayarta, amma irin son nan da ake yi daga sama. Duk Salla sai ta aiko mata da atamfa da sabulu, in za ta yi mata bayanin magani sai ta riƙa jan magana kamar mai koya wa yaro. A gida an san labari ɗaya ne, Albarka ta yi lakkol, wato makarantar boko, a Damana wajen Gwaggo A'isa da ta riƙe ta, ta kai aji shida ta ce ta gaji, ta jefar da littafi. Da wannan labarin Safi ta girma.

Shi ya sa bakinta ya kufce.

"Boko ya ƙi ki, Yaya, ba laihina ba na. Ni na zauna na yi karatu da wagga ƙahwa tawa, ke kin gudu. Yanzu abin da na tara da guminna kin zo kin zubar don wake."

Gujiyar da ke hannun Inna ta faɗi cikin ƙwarya.

"Safi, ba ta haƙuri."

"Inna, ni zan ba ta haƙuri?"

Albarka ta yi saurin cewa a bar maganar, yarinya ce, ranta ne ya ɓaci. Mace mai shekara talatin da takwas ake ce wa yarinya, ku ji fa. Ta tashi za ta shiga ɗaki, Inna ta ce ta zauna.

Ku da kuka taso a ƙasar nan kun san abin da zan faɗa. Albarka ce 'yar fari, uwa kuwa ba ta kiran sunan 'yar fari. Bayan haka, sunan uwar Malam Kailu aka sa mata, surukar Inna ke nan, kunya ta zama biyu. Tun ran suna kakarta ta yi mata laƙabi da Albarka, aka binne sunan yanka, ana yaye ta kuma Gwaggo A'isa ta ɗauke ta zuwa Damana. Ko laƙabin ma Inna ba ta faɗa, sai dai ta ce yayarku, ko waccan. Safi ba ta taɓa tambayar kanta ko Albarka na da wani suna ba. Wa ke tambayar sunan yayarsa?

Inna ta share hannu a zaninta. Ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa. Ba Safi ta duba ba, babbar ta duba.

"Salamatu."

"Na'am, Inna."

Amsar ta fita kafin Albarka ta riƙe ta. Ta sa hannu ta toshe baki, idonta ya kawo ruwa. Shekara arba'in da haihuwarta, yau ne farkon ranar da ta ji sunanta a bakin uwarta.

Safi ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

Inna ce ta ba da labarin, kanta a sunkuye, tana murza ɓawon gujiya. Albarka a gidan haihuwar Filinge aka haife ta, shi ya sa take da takarda. Safi kuwa tsakiyar damina ta zo, a bukkar gona can cikin Tondikanja, babu wanda ya tuna da wata takarda, ana ta kan noma. Da ta isa shiga lakkol, darakta ya rubuta ta da fensir, ya ce a kawo takarda daga baya. Daga bayan nan har aji shida. Shekarar ce ta mulkin soja na wancan karon, ma'aikata yau suna aiki gobe suna yaji, Malam Kailu ya tafi cin rani Kwatano babu labarinsa. Darakta ya ce saura kwana biyar a aika sunayen masu jarrabawa, wanda ba shi da takarda ya koma gida. Inna ta je wajen alƙali neman takardar sau uku tana iske ƙofa a rufe.

Ran kasuwa ta biyo mota ta zo Damana ta zauna a ɗakin Gwaggo A'isa tana kuka. Ba ta san Albarka na bayan ƙofa tana tankaɗe ba. Albarka ma shekarar take aji shida, ita ma sunanta na cikin waɗanda za a aika, kuma tun aji ɗaya ba wanda ya taɓa ƙwace mata na farko. Washegari ta je ta ce wa malaminsu ta gaji da lakkol, ya ba ta takardar haihuwarta. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya biyo ta gida har sau uku. Ta ce ita fa ta gaji. Ta sa takardar cikin littafin lissafinta, ta hau bayan motar hatsi ita kaɗai, ta kai wa Inna har Filinge. Sharaɗi ɗaya ta kafa, kada a taɓa gaya wa Safi.

Sai yanzu Safi ta tuna ranar. Darakta ya kira ta ya ce daga yau sunanta na takarda Salamatu. Ta dawo gida ta tambaya, Inna ta ce kowa da sunan gida da na takarda. Rabin 'yan ajinsu haka suke, ba ta sake tunani a kai ba. Har wasa take yi a wurin aiki, wai takarda ta ƙara mata shekara biyu kyauta.

Ta juyo wajen yayarta.

"Yaya, don mi?"

Albarka ta share ido da bakin kallabi, ta harare ta irin hararar hoton nan.

"Don mi kuma? Ni ko ba lakkol ina ɗaukar tulu, ina daka, ina riƙe hauya. Ke da wagga ƙahwa, in anka kore ki, ina za ki? Na duba na ga ni ina da hanya biyu, ke ɗaya gare ki."

"Kina da shekara goma sha huɗu."

"Ai shi ya sa. Da na girma da wayo ya hana ni."

Safi ta ja jiki a kan tabarma ta kifa kai a cinyar yayarta, ta fashe da kuka irin wanda rabonta da shi tun tana yarinya. Kunya ce ta fara kama ta, kunyar atamfar Salla da maganar da ta gama faɗa yanzu. Bayan kunyar sai godiya ta taso ta cika mata ƙirji. Duk jaririn da ta taɓa ɗagawa sama ta ce wa uwarsa barka, duk matar da ta tsayar wa jini, ashe a kan takardar wata yarinya ce da ta hau motar hatsi ita kaɗai. Ta ce na gode, ta sake cewa, ta nemi gafara, ta koma na gode, har maganar ta daina fita daidai.

Albarka ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce ta ɗaga mata cinya, ta jiƙa mata zanin fita da majina, ga mata na jiran ta a magaza. Ta tura mata kwanon ruwan nan da ƙafa. Safi ta ɗauka ta shanye tas. Inna ta yi 'yar dariya tana share hawaye, ta ce Alhamdulillahi, yau ta sauke kayan da ta ɗauka shekara ashirin da shida.

Da aka zo maganar Alhamis, Albarka ta yanke ta a taƙaice. Safi za ta ɗora yatsa, ita kuma ta sa hannu ta ce ba ita ba ce. Suna ne, an daɗe da ba da shi, ba yau za ta ce a maido ba.

Safi ta tambaye ta layin wayar fa. Ta ce layi ai wani ake saye. Safi ta ƙi sakin maganar, sai da ta tatso sauran da ƙyar. Mai sayen wakensu na Yamai ba ya zuwa kasuwa ya taya kamar da. Komai ta na'ura yake yi, ƙungiya sai an yi mata rajista da katin shugabarta, saƙon ranar lodi kuma layin da ke kan katin kaɗai ake turo wa. In katin ya faɗi, layin ya faɗi, rajistar ma ta bi su. Kafin alƙali ya ba ta sabuwar takarda, a yi sabon kati, a sake rajista, an yi watanni, kamiyon bana ya daɗe da wucewa ta Baleyara. Mata arba'in da bakwai ne suka zuba waken damunarsu a magazar nan saboda sun yarda da ita.

"Wake ya jira," in ji Albarka. "Mai naƙuda ba ta jira. Kada in sake jin wagga magana."

Safi ta yi shiru. Albarka ta ɗauka shirun yarda ne.

Ran Alhamis tun ƙarfe takwas suna bakin biro, wato ofishin Manzo, a Filinge. Albarka ta ci ado kamar mai zuwa biki, har da turare. A kan benci ta riƙa jan Safi da hira, wai ta zaɓar mata sabon suna mai daɗi tunda dama ta samu, ko ta zama Madam wance ita ma. Safi na murmushi, idonta kuwa na kan hannun yayarta da ke kan gwiwa. Tafin duk kanta, bakin yatsun a faffashe saboda igiyar buhu da taɓarya.

Aka kira su. Manzo ya gaishe su da mutunci, ya karanta musu abin da doka ta ce, ya ƙara da cewa in fitila ta kawo kore magana ta ƙare, daga nan take wucewa Yamai, shi ba ya iya dawo da ita. Ya goge gilashin da ƙyalle, ya turo na'urar bakin tebur.

"Wace ce Salamatu Kailu a cikinku?"

Albarka ta ja baya taku ɗaya, ta zunguri ƙanwarta da gwiwar hannu.

"Aza yatsa mu tahi, na bar wake a rana."

Safi ta matsa gaba tana jan ƙafa. Ta miƙa hannu kamar za ta ɗora, sai ta juya ta cafke wuyan hannun Albarka. Albarka ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, kowa ya sani. Amma hannun unguwarzoma in ya riƙe abu ba ya saki, kuma ba ta ba ta lokacin shiri ba. Kafin ta fizge, babban yatsanta na kan gilashi, Safi ta danne shi da hannu biyu.

Na'urar ta yi ɗan ƙara. Fitila ta kawo kore.

"Ga ta nan, Mushe. Ita ta. Ni aro na yi, shekara ashirin da shida, yau na maido."

Albarka ta tsaya tana duban yatsanta kamar ba nata ba. Ta ce wa Manzo ƙarya take yi, ya goge, ya sake, ita ba ta yarda ba. Manzo ya dubi allon, ya girgiza kai, ya ce ya riga ya wuce. Sai ta juyo kan Safi.

"Kin ɓata mini wahalata, Safi."

"Ban ɓata ba, Yaya. Abin da na koya shina kaina, ba a goge shi da na'ura. Sau ɗaya kin ba ni, na karɓa ban sani ba. In na karɓa na biyu ina sane, da wane ido zan dube ki?"

Manzo ya cire tabarau ya murza ido. Ya jawo wata takarda fara, ya tambaye ta, to ita wa zai rubuta. Ta ce ya rubuta Safi, ɗiyar Kailu, haihuwar bukkar gona. Ya ce takardar shaida fa. Ta ce ba ta da ita, ba ta taɓa samu ba. Ya rubuta, hannunsa ba ya sauri. Da ya gama ya miƙo tafin hannu, murya ƙasa-ƙasa, ba ya iya haɗa ido da ita, ya ce ta yi haƙuri, dole ta ba shi katin aikinta, kuma daga yau ba ta da izinin taɓa majinyaci sai abin da Yamai ta ce.

Safi ta kai hannu wuya ta fara zare igiyar katin.

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Haske ce, matar da ke taya ta aiki a ɗakin haihuwa, ba takalmi a ƙafarta, gaban rigarta duk jini.

"Madam Salamatu, ki taho. Matar Isufu ce, hannun ɗan ya riga hitowa, kuma ba kowa sai ni."

Igiyar katin na rataye a yatsun Safi. Ta dubi Haske, ta dubi hannun Manzo da ke miƙe yana jira.